Kafin ka sayi furosesa don laftof ɗinka, duba harafin ƙarshe

Wani ƙanena ɗalibin Jami'ar Umaru Musa ne ya kawo mani laftof ɗinshi wai Yaya ta yi nauyi, yana so a sa mata furosesa i7. Na kunna na duba, i5-6300U ce a EliteBook 840 G3, na ce mashi ajiye kuɗinka, wannan ba ta fita.

Harafin nan na ƙarshen lambar furosesa shi za ka fara dubawa. In ka ga U ko Y ko HQ to an liƙe ta da dalma a jikin madabod, wato babban allon da ke cikin laftof, sai dai a canza allon gaba ɗaya, kuma tun daga janareshan na 5 kusan duk haka suke zuwa. Masu fita su ne tsofaffin nan masu M ko QM ko MQ, janareshan na 2 zuwa na 4, irin su ThinkPad T430 da T440p da Latitude E6430 da EliteBook 8470p, su galibi a soket suke, sukuru ɗaya za a murɗa ta fito. Sauke manhajar CPU-Z mai nuna bayanan furosesa ka leƙa, in ka ga rPGA tana fita, in BGA ce ka haƙura.

To ko tana fita ɗin ma akwai maganar zafi. i5-3320M wat 35 take ci, i7-3630QM kuma 45, ka ɗora mai 45 a kan fankar da aka yi wa 35 a zafin Afrilu na Katsina, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe ramukan iska, ai sai dai ka ji fanka tana kuka kamar injin niƙa, furosesa kuma tana rage gudu da kanta. In dole sai i7 to nemi 3632QM, ita 35 ce kuma ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, sannan ka tsaya a kan mai gyara ka ga ya goge tsohon man sanyaya da ake shafa wa furosesa ya sa sabo, wasu ba su sawa.

Ni kam shawarata, in tsohon hadis (hard disk) mai juyawa ke ciki fara da SSD, ma'ajiyar da ta fi shi sauri, wallahi nan ne za ka ga bambanci tun daga kunnawa. Sai ram, daga giga 4 zuwa 8, amma a lura janareshan na 4 ram irin DDR3L take so.

Abin da ya sa ba na son a zuba kuɗi da yawa a tsofaffin nan, Windows 10 an daina ba shi tallafi tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa 11 sai janareshan na 8 zuwa sama, ka ga ko ka sa i7 ɗin ba ta kai ba. Mai aikin bidiyo ko AutoCAD gara ya saida tashi ya cika ya ɗauki ta hannu irin T480 ko 840 G5.

Shi ƙanen nawa ram muka ƙara mashi muka hure fanka, har yanzu da ita yake furojet.