Fenti ko yadi: da wanne za a fara gyaran ɗakin kwana?

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta kawo tambaya. Ɗakin kwananta mita 4 ne da mita 3.5, taga ɗaya, gado mai faɗin ƙafa biyar, sai wardrob. Ta ce wata uku ke nan tana tara hotunan ɗakuna a waya, amma duk ranar da ta zauna za ta yanke shawara sai kanta ya ɗaure, ta ajiye wayar. Wasu sun ce ta fara da fenti, in bango ya yi kyau sauran za su biyo baya. Wasu kuma sun ce ta fara da labule da shimfiɗar gado. Da wanne za ta fara?

'Yar'uwa, abin da ke ɗaure miki kai lissafi ne kawai. A ce launin fenti biyar sun burge ki, labule biyar, zanin gado biyar, kafet biyar. In kika ce sai kin gwada kowanne da kowanne a ranki, haɗi 625 ne a gabanki, kuma babu kan da zai ɗauki wannan. Da zarar kin tsayar da abu ɗaya sun koma 125, yawancinsu ma za su faɗi da kansu tunda ba su dace da wanda kika tsayar ba. Don haka abin dubawa shi ne: tsakanin bango da yadi, wanne ne in an tsayar da shi yake saurin kashe sauran gardamar?

Masu cewa a fara da fenti

Suna da hujja. Bango shi ne abu mafi girma a ɗaki. Kewayen ɗakinki mita 15 ne, in tsayinsa ya kai mita 2.8, bango ya tashi murabba'in mita 42; a cire ƙofa da taga, a ce 38. Babu labule ko kafet da zai rufe ko rabin wannan. Kwana biyu na aiki ya isa ɗaki ya sake kama gaba ɗaya, kuma wannan saurin yana ƙarfafa gwiwa ga wanda ya daɗe yana jan ƙafa. Ga shi fenti ya fi sauƙi a ɗakin da ba a cika shi da sababbin kaya ba.

Matsalar tana fitowa ne bayan bango ya bushe. Yanzu sai ki shiga neman labulen da zai dace da shi, alhali yadi ɗaya da ƙyar ake samunsa a launi goma, shi kuwa fenti ana haɗa shi ya ba da dubban launuka. Kin tsayar da mai yawan zaɓi, kin bar kanki da neman mai ƙarancin zaɓi. Ƙari a kan haka, ido ba ya riƙe launi. Ruwan toka kaɗai akwai mai ja zuwa shuɗi, akwai mai ja zuwa kore, akwai mai ja zuwa ruwan ƙasa. A wurin saye duk ruwan toka ne, sai an rataya labulen kusa da bango a ga ɗaya ya sa ɗaya ya yi kamar ya yi datti. Hoton waya ba ya ceto a nan, domin kyamara tana gyara launi da kanta gwargwadon hasken da ta samu.

Masu cewa a fara da yadi

Su dabararsu ita ce a sami yadi guda ɗaya mai zane da rai ya kwanta da shi, mai launi biyu ko uku, a bar shi ya yi jagora. Wanda ya zana yadin ya riga ya yi miki wahalar haɗa launukan, ke ɗauka kawai za ki yi. Mafi haske a cikinsu ya tafi bango, matsakaici ya tafi labule ko kafet, mafi ƙarfi ya tsaya a ƙananan abubuwa kamar rigar matashi da murfin fitila. Masu aikin ado suna kwatanta rabon da 60, 30 da 10 cikin ɗari. Ba sai kin auna da ma'auni ba, manufar dai launi mai ƙarfi ya zama ɗan kaɗan. Misali yadi mai farin madara da ganye kore da ɗigon ruwan zuma: bango farin madara, labule kore mai duhu, matasai biyu ruwan zuma. Zance ya ƙare, kuma za ki iya sa ƙyallen a jaka ki je da shi duk inda za ki sayi wani abu.

Ita ma wannan hanya tana da ramukanta. Na farko, mutane kan ɗora komai a kan zanin gado, alhali shi ne ake cirewa a wanke kowane mako, shi ne kuma ke fara koɗewa. Ranar da aka shimfiɗa wani, ɗakin ya rasa abin da ya haɗa shi. Jagoran ya zama abin da ke zama: labule, kafet, ko babban abin rufa na saman gado. Na biyu, saye yana da daɗi, kuma wanda ya fara da saye yakan zarce. Kafin a ankara an tara ledoji a lungu, ba a auna komai ba, ba a taɓa bango ba, ƙura tana hawa. Na uku, kada zane mai hayaniya ya wuce ɗaya. Labule mai manyan furanni da kafet mai manyan furanni taura biyu ce, ba ta taunuwa. In ɗaya ya yi magana, ɗayan ya yi shiru.

In aka jera su

Ta fuskar rage zaɓi, yadi ya yi gaba nesa, don yana ba ki launi uku a lokaci ɗaya, fenti kuwa ɗaya yake bayarwa ya bar ki da sauran. Ta fuskar gyara kuskure, fenti ya fi yafiya: launin da bai yi ba ana sake shafe shi, amma labulen da tela ya yanka ya yi gajere ya yanku ke nan. Wannan ma dalili ne na tsayar da wanda ba ya gyaruwa tukuna, a bar mai gyaruwa ya bi shi. Ta fuskar tsabtar aiki, fenti ya yi nasara, babu mai son ɗigon fenti a sabon kafet. Ta fuskar ganin sakamako da wuri, nan ma fenti ne.

Abin da muke ba da shawara shi ne ki raba zaɓe da aiki. A wajen zaɓe, yadi ne farko, launin bango ya zo daga baya. A wajen aiki, fenti ne farko, labule da kafet su shigo bayan ya bushe. Yawancin gardamar da kika ji tsakanin ɓangarorin biyu daga nan take: masu fenti suna maganar aiki, masu yadi suna maganar zaɓe.

Akwai inda za a sauya wannan. In bango yana da danshi, fenti yana kumbura yana ɓarewa, ko akwai baƙin tabo na fumfuna a kusurwa, to ba maganar launi ake ba tukuna. A nemo inda ruwa ke shigowa a toshe, a bar bango ya bushe, in ba haka ba sabon fentin ma zai tashi. Sabon shafen siminti yana son kusan mako huɗu kafin a sa masa fenti. In ɗakin haya ne kuma ba a yarda a sauya launi ba, bangon da ke nan shi ne jagora ko ana so ko ba a so. Haka in akwai katon gado da wardrob na katako mai duhu da ba za a canza ba, su ma launi ne, a lissafa da su, a kai ƙyallen kusa da su a gani.

Yadda za ki bi shi

Ranar farko ba saye, ba zaɓe. Ki fitar da duk abin da ba na ɗakin kwana ba ne, sannan ki ɗauki tef ki auna bango huɗu, taga, ƙofa, da inda soket yake, ki zana a takarda. Gado mai faɗin ƙafa biyar santimita 152 ne, tsawonsa da katakonsa ya kai 200 ko ɗan fi. In kika jingina kansa da bangon mita 3.5, za ki sami kusan santimita 95 a kowane gefe, kuma in wardrob mai zurfin santimita 60 yana fuskantarsa, saura wajen 135 a tsakani. In kika juya shi ga bangon mita 4, gefe zai yi faɗi amma tsakaninsa da wardrob ya koma wajen 85, in ƙofar wardrob ta buɗe da ƙyar za ki sami inda za ki tsaya. Ƙa'idar ita ce aƙalla santimita 60 a gefen gado, 90 a gaban wardrob mai buɗewa waje. Kafin ki ja kaya masu nauyi, ki manna tef ɗin takarda a ƙasa daidai girmansu ki zagaya ki ji.

Abu na gaba, wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne ƙwan fitila. Ki canza shi kafin ki gwada launi, don launi yana bin haske. A jikin kwalin za ki ga lamba da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K haskensa ɗumi-ɗumi ne mai ja zuwa ruwan ƙwai, shi ya fi dacewa da wurin barci. Mai 6500K fari ne fat mai ja zuwa shuɗi, yana sa farin madara ya yi fari-fari kamar na asibiti. Fitila ɗaya a tsakiyar silin ba ta isa ba, tana zubo haske daga sama ta bar inuwa a fuska da kusurwa. Ki ƙara ƙarama a gefen gado, mai lumen 400 (lumen shi ne ma'aunin yawan hasken ƙwan) ko kusa da haka ta isa karatu.

Sai ki zaɓi yadin. Ki ba kanki iyaka: uku kawai za ki kawo gida ƙyallensu, ki ajiye su a kan gado kwana biyu, wanda ido bai gaji da shi ba shi ne. Hotunan nan na waya kuma ki zaɓi uku ki share sauran daga gabanki. In kin duba ukun da kyau za ki ga akwai abin da suke maimaitawa, wataƙila bango mai haske ne, wataƙila dogon labule, kuma shi ne ainihin abin da kike so.

Gwajin fenti ba a tsallake shi. Launin da ke ɗan katin gwaji yana ƙara ƙarfi in ya bazu a bango, shi ya sa ake cewa a ɗauki wanda ya fi wanda ake so haske da mataki ɗaya. Ki sayi ƙaramin gwangwani, ki shafa a farin kwali mai santimita 50 a kowane gefe, shafi biyu. Kwali ya fi shafawa kai tsaye a bango, domin tsohon launin da ke kewaye yana ruɗin ido, kuma kwali ana ɗaga shi a kai bangon da ke fuskantar taga da wanda tagar take jikinsa. Ki duba da safe, da rana, da dare a hasken sabon ƙwan, ƙyallen yana kusa. Launi biyu za ki gwada, in sun yi yawa uku.

Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya in bango sumul ne. Naki 38 ne, shafi biyu 76, wato lita 7 zuwa 8, ban da silin. In daga launi mai duhu za a koma mai haske, a fara shafa farin fentin shimfiɗa, in ba haka ba tsohon zai riƙa leƙowa ko an yi shafi uku. A goge ƙura, a cike tsaga a goge da sanfefa, a bar awa biyu zuwa huɗu tsakanin shafi da shafi ko yadda gwangwanin ya ce. Mai gaggawar shafi na biyu rola ce za ta kwashe masa na farko. Fenti marar sheƙi ya fi ɓoye gargadar bango, mai sheƙi kuwa duk wani tudu sai ya nuna shi. In gwangwani biyu ne, a juye su a bokiti ɗaya a gauraya tun farko, don akan sami ɗan bambanci tsakaninsu. A bar taga a buɗe, kuma kada a kwana a ciki sai warin ya fita.

Labule shi ne inda awo ke tona asiri. Sandar ta hau sama da taga da santimita 10 zuwa 15 ko fi, ta wuce ta da wajen 20 a kowane gefe, yadda in an zuge labule zai tsaya a kan bango ya bar haske ya shigo. Taga mai faɗin santimita 120 tana son sanda mai 160, faɗin yadin kuma ya ninka sandar sau biyu zuwa biyu da rabi, wato 320 zuwa 400. Ƙasa da haka labule yakan miƙe ba tattara, kamar an shanya zani. Tsawonsa ya tsaya santimita ɗaya kafin ƙasa. A kafa sandar tukuna sannan a auna, kuma in auduga ce a jiƙa ta ta bushe kafin a kai wa tela, don tana tsukewa a wankin farko.

Kafet mai santimita 200 da 300, in aka shimfiɗa tsawonsa a gicciye ƙarƙashin gadon, zai leƙo santimita 74 a kowane gefe. Mai 160 da 230 zai leƙo 39 kawai, ƙafa ɗaya a kai ɗaya a ƙasa. In babban ya yi nauyi, dogaye sirara biyu a gefe da gefe sun fi ƙarami ɗaya da ya ɓace a ƙarƙashin gado. Teburin gefen gado ya yi daidai da saman katifa, ko bambancin santimita biyar.

Hoton bango, madubi da sauran tarkacen ado ki bar su sai kin yi mako biyu kina kwana a ɗakin, lokacin za ki san inda ya yi fili da gaske. In za ki rataya wani abu a saman gado, faɗinsa ya kai kashi biyu cikin uku na faɗin gadon, ƙasansa ya ɗara allon gado da santimita 15 zuwa 25, a kafa shi da ƙusa mai ƙwari tunda kanki ne a ƙarƙashinsa. Ragowar fentin ki juye a ƙaramar kwalba mai murfi, ki rubuta sunan launin da lambarsa a jiki, don ranar da gado zai goge bango.