Idan sarƙar ayyuka ta tsinke a Lua: xpcall ko manhajar bin diddigi ta kuɗi?

Malam, ka tambaya ko xpcall za ka yi amfani da shi ko manhajar bin diddigi ta kuɗi za ka saya idan sarƙar ayyuka, wato kiraye-kirayen da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, ta tsinke a yaren shirye-shiryen kwamfuta na Lua. Ka ɗauki xpcall tare da debug.traceback, kuɗinka kuma ka bar su a aljihu. Dalilin yana cikin yadda Lua take aiki. Idan ka kira sarƙar da pcall, aikin Lua mai tare kuskure, sai an kwashe tarin kiraye-kirayen, wato jerin ayyukan da suka kira juna, kafin saƙon kuskure ya dawo hannunka, saboda haka sunan matsalar kawai za ka gani ba tare da hanyar da aka bi ba. Shi kuwa xpcall yana kiran mai karɓar kuskuren tun tarin yana nan, sai traceback ta jero maka wanda ya kira wane. Idan daga shirin da aka rubuta da yaren C kake kira, ka yi amfani da lua_pcall, ka kuma ba shi mai karɓar saƙo, domin kuskuren da ba a tare ba yakan kai ga aikin firgita (panic), manhajar gaba ɗaya ta mutu.

Da wannan na kama wata matsala a ƙaramin yaren da muka gina don tsara saitin na'ura, inda ake jera umarni huɗu ko biyar a layi guda. Ɗaya daga ciki bai dawo da self ba, wato abin da sarƙar ke aiki a kansa, na gaba da shi ya tarar da nil, wato babu komai. Da yake duk suna layi ɗaya, lambar layin ba ta nuna komai ba, sai da na raba sarƙar, kowane kira da layinsa da wurin ajiye sakamakonsa, nan take mai laifin ya fito fili. Ka kuma lura da kiran wutsiya: idan aiki ya ƙare da return f(x), Lua tana share matsayinsa daga tarin, sai ka ga giɓi a jerin. Ka sa kiran cikin baka, wato return (f(x)), na ɗan lokaci, matsayin zai dawo, amma ƙima ɗaya kawai zai mayar.

Manhajar kuɗin da na taɓa saya tana bin layi-layi da kyau, sai dai haɗa ta da Lua da ke cikin wani shiri ya fi gyaran kansa wahala.

Ka yi hattara da masu tallan irinta da aka fasa wa kulle, domin sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa. Idan dole sai ka bi layi-layi, ZeroBrane Studio kyauta ce, kuma tana haɗuwa da shirinka ta hanyar MobDebug.