Kuros ɗin ƙafar gaba: mai kafar giris ko rufaffe?

Alhaji, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ga waɗanda ta wuce su: Ford F-250 ce ta 2006, 'yar Amurka, yana kai taki gona da ita, ya dawo da buhunan masara. In ya sa giyar ƙafa huɗu ya murɗa sitiyari har ƙarshe, ƙafar gaba ta ɓangaren direba sai ta riƙa ƙas-ƙas-ƙas. Makanike ya ce kuros ɗin shaf ne ya mutu, wato gaɓar da ke jikin sandar da ke juya tayar. Mai shago kuma ya ɗora masa iri biyu a kan kanta, ɗaya da 'yar kafar da ake ɗura giris, ɗayan a rufe ruf, ba inda za a sa masa komai. Wanne zai ɗauka?

Ni dai rufaffen zan ce ka ɗauka, in har na kamfanin kirki ne. Akwai mutum ɗaya da zan ba wa shawarar mai kafar giris, zan zo kansa, sai ka duba ko kai ne.

Masu Hilux da Land Cruiser, wannan ba maganarku ba ce. Ƙafafunku na gaba ba kuros ke juya su ba, gaɓa ce mai ƙwallaye a cikin kwano, irin wadda ake kira Birfield a Land Cruiser mai tsayayyen aksil. Kuros ɗinku yana jikin furofela, doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksil. Wanda muke magana a kai na manyan motocin Amurka ne masu aksil na Dana ko makamancinsa, su Ford Super Duty da Ram 2500, da kuma Jeep Wrangler.

Kuros abu ne mai sauƙin siffa: ƙarfe mai hannu huɗu, kowane hannu da hularsa, a cikin kowace hula kuma siraran allurai ne jere a kewaye, su ne boris ɗinsa. Abin da ya bambanta na ƙafar gaba da na furofela shi ne wahalar da yake sha. Na furofela kusan a miƙe yake aiki, ɗan karkace kaɗan. Na ƙafa kuwa duk inda sitiyari ya je sai ya bi, ya lanƙwashe har digiri 30 ko fiye, yana kuma ɗauke da ƙarfin inji. A wannan lanƙwasa ba ya juyawa daidai wa daida: a kowane zagaye sau biyu yake ƙara sauri ya rage, kuma a digiri 30 bambancin ya kai kusan kashi 15 cikin 100 sama da ƙasa. Wannan na cikin abin da ke sa ka ji motar tana tsalle-tsalle in ka sha kwana a kan kwalta da giyar ƙafa huɗu. Ga shi kuma a fili yake, bayan taya, inda laka da ruwa da jar ƙasa ke samunsa kai tsaye.

To, ta fuskar ƙarfi rufaffen ne gaba, kuma dalilin a bayyane yake. Kafin giris ya tashi daga kafa ɗaya ya isa huluna huɗu, dole a huda cikin ƙarfen, a yi masa hanyoyi ta kowane hannu. Ƙarfen da aka rarake ba zai kai wanda aka bari cikakke ba. Wanda aka dasa kafar a tsakiyar jikinsa, a kusurwar hannuwa biyu, shi ya fi rauni, don nan ne daidai inda yake fara tsagewa. Wanda aka sa kafar a saman hula ɗaya ya fi shi dama. Sai dai kar a cika baki: wanda ke tafiyarsa a hankali ba zai taɓa karya ko wanne ba. Karyewa tana zuwa ne ranar da mota ta kafe a laka da kaya a bayanta, direba ya murɗe sitiyari ya taka totur, taya ta yi ta juyawa a banza, sannan kwatsam ta kama ƙasa mai tauri. Kai da ke shiga gona da damina ka san irin wannan rana ba baƙuwa ba ce.

Inda maganar take da nauyi shi ne robar da ke bakin kowace hula. A nan ne mutane ke juya lissafin. Ana ɗauka mai kafar giris shi ne rufaffe da aka ƙara wa wata falala. Ba haka ba ne, ƙirarsu ce daban tun daga tushe. Robar mai kafa an yi ta ne da sassauci da gangan, don in ka ɗura sabon giris tsohon ya samu hanyar fita, ya tafi da dattin da ya shiga. To ƙofar da giris ke fita ta nan ruwa ke shiga. Wato shi rayuwarsa gaba ɗaya a kan wanki take: datti ya shiga, ka kore shi, ya sake shiga, ka sake kore shi. Ranar da ka daina kora, ranar ya fara mutuwa. Rufaffen kuma robarsa matsattsiya ce, na kamfanin Spicer leɓe uku gare ta, an cika shi da giris tun a masana'anta an ce masa je ka. Datti ba ya samun shiga da sauƙi. Amma in ya shiga, ya shiga ke nan, ba ka da abin yi sai jiran ranar canji.

Saboda haka tambayar ta koma kanka, Alhaji, ba kan ƙarfen ba. Wa zai riƙa ɗura giris ɗin? Kai ne, ko direba, ko yaron gareji?

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina. Na sa masu kafa a tawa, ina cika baki cewa duk canjin baƙin mai zan sa a ɗura. Wata uku na farko na cika alkawari. Daga nan sai na riƙa barin motar a wurin masu juye, in ce a bi ko'ina da giris, in tafi sabgata. Bayan damina biyu ƙara ta dawo. Da aka zare shaf, hula uku da ɗan sauran danshi, ta huɗu kuwa da muka kife ta a tafin hannu ba allura ko ɗaya da ta faɗo, sai jan gari kamar dakakken barkono. Kafar kanta laka ta toshe ta, ta bushe ta zama dutse. Yaron bai yi mini ƙarya ba, ya bi duk kafar da idonsa ya gani. Wannan ce ba a ganinta sai an murɗe sitiyari har ƙarshe, an juya taya a hankali har ta leƙo, kuma wata irin ma a shafe take da hula, sai da bakin allura a kan bindigar giris ake iya ɗura mata. Wa zai yi maka wannan in ba ka tsaya a kansa ba?

Ko da an ɗura ma, akwai ƙa'ida. Ba matsa biyu a tafi ba ne. Sai an ga sabon giris ya ɓullo ta bakin huluna huɗun duka. In uku suka fitar ɗaya ta ƙi, wannan ɗayar a bushe take, kuma ita za ta kashe kuros ɗin.

Mutumin da na ce zan ba wa shawarar mai kafa shi ne wanda hanyarsa ta gona sai ya tsallaka rafi, ruwa ya haura tsakiyar taya, ba sau ɗaya a shekara ba, kusan kullum daga Yuli zuwa Satumba, kuma yana da bindigar giris tasa a gida, in ya dawo ya kwanta ƙarƙashin mota da kansa. Irin wannan mutum zai ci moriyar mai kafa fiye da rufaffe, don ba robar da ruwa ba ya cin ƙarfinta in ana tsoma ta tana da zafi. In kai ne, bismilla. In ka ɗan yi jim kafin ka amsa, ɗauki rufaffe.

Akwai abu ɗaya da ke kashe su duka biyun a irin motarka, kuma ba wahala ba ce, zama ne. F-250 tana da makullin hob a tsakiyar tayoyin gaba. In yana buɗe, taya na gudu amma shaf yana kwance ba ya juyawa. Duk rani kana kan kwalta, kuros na lanƙwasa dama da hagu a wuri ɗaya, alluran suna cin gurbi guda, giris ya bushe, tsatsa ta kama. Ram 2500 ta 2003 zuwa sama da wasu shekaru ba ta da wannan makulli, nata kullum cikin juyawa suke, su kuma gajiya ke kashe su. Maganin naka kyauta ne: sau ɗaya a wata ka kulle hob ɗin da hannu, ka yi 'yan kilomitoci ko ba ka sa giyar ƙafa huɗu ba.

Wajen saye, aksil ɗinka Dana 60 ne. A lambobin Spicer, wanda na kamfanin Dana ne da kansa, rufaffen shi ne SPL55-3X, mai kafar kuma SPL55-4X. Faɗin hular milimita 35 ne. Na Jeep mai lamba 5-760X ya yi kama da shi a ido amma ƙarami ne, hularsa wajen milimita 30, kar a haɗa ka da shi. Ka tafi da tsohon a leda a gwada a gabanka. Kuma duk abin da na faɗa a sama a kan rufaffe, na gaske nake nufi. Rufaffe na jabu shi ne mafi munin abin da za ka saya, robarsa ba ta tare komai, giris ɗin ciki ɗan shafe ne, ga shi ba kafar da za ka ceto shi. Kwali ba shaida ba ne. Zare hula ɗaya ka duba: alluran su cika da'irar ba giɓi, hannun ya zama sumul kamar madubi, robar ta kama da ɗan ƙarfi in za ka mayar. In abin da ke kasuwa mai kafa ne na kirki da rufaffe maras asali, to mai kafar za ka ɗauka ka koyi ɗura giris. Ka mayar da kowace hula hannun da ka cire ta, don an auna giris ɗin da ke ciki.

Wani a ƙarƙashin tambayarka ya ce ka huta, ka sayi shaf sukutum na Beljiyam. Wannan sai in kunnuwan shaf ɗinka sun lalace. Bayan an fitar da tsohon kuros, a duba ramukan da huluna ke zama. In sabuwar hula tana shiga da turin yatsa, ko ramin ya zama kamar ƙwai, ko an ga alamar hula ta riƙa juyawa a ciki ta goge shi ya yi sheƙi, to kunnen ya buɗe, kowane kuros ka sa zai tofar da kilif ɗin da ke riƙe hularsa. A nan shaf za ka nema. In ramukan lafiya suke, shaf na Beljiyam ba abin da zai ƙara maka sai tsohon kuros na wani. Da yawa daga motocin nan daga jihohin arewacin Amurka suke fitowa, irin su Michigan da Ohio, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan ƙarƙashin mota yake ci.

Ranar aikin ka tsaya a wurin, ko da za ka rasa wata sabgar. A ɗaga ɓangaren da ake aiki ya fi ɗayan tsawo don kar man aksil ya biyo bututu. A rataye kalifar birki da waya, kar a bar ta tana lilo a jikin tiyo, a kuma lallaɓa wayar ABS. Babban sil ɗin da ke bayan hob ba ya fita da rai, ka sayi sabo tun kafin a kwance, in ba haka ba makullin hob mai aiki da iska zai daina kamawa da kansa. Wajen mayar da shaf a tallafe shi, kar a ja shi a ƙasan bututu ya kwashi ƙasa ya yaga sil na ciki, don canza wannan sai an buɗe tukunyar aksil an fito da kayan cikinta.

Guduma ko matsewa? Matsewa ta fi, ko da da bais ne da soket biyu. Guduma na fitar da tsoho lafiya a hannun wanda ya iya, amma wajen sa sabo ita ce ke kayar da allura ɗaya ta kwanta a gindin hula. Alamar ita ce hula ta ƙi isa inda kilif zai shiga, saura ɗan kaɗan. In ka ga makanike ya ɗaga guduma zai ƙarasa ta da ƙarfi, riƙe masa hannu. A cire a tayar da allurar. Bayan kilif huɗu sun zauna, a ɗan bubbuga kunnuwan, kuros ya saki ya riƙa motsi da hannu ba tauri ba sako-sako.

Kar ka ƙara zuwa gona da kaya kafin a gyara. In ya tsinke ana tafiya, kunnuwan shaf biyun kan hau juna, su tura boljoyin da ke riƙe da ƙafar waje, ƙafar ta kwanta. Kuma tunda na hagu ya mutu, na dama shekarunsu ɗaya, hanyarsu ɗaya. Ka sa a ɗaga shi, a murɗe sitiyari, a zura ƙarfe tsakanin kunnuwan a girgiza, a duba ko akwai jan gari a bakin huluna. In an zare shaf ɗin ka turo mana hoton ramukan kafin ka biya kuɗin komai.