Ruwan ɗaure noti da na sa wa madubin babur ɗina

Duk mai hawa babur a Katsina ya san takaicin madubin da ya yi sako-sako. Ka daidaita shi a ƙofar gida, kafin ka isa Ƙofar Ƙaura ya karkace yana nuna maka gwiwar hannunka. Na hagu ne ya dame ni, kuma hanyar Dutsin-ma nake bi kullum zuwa wurin aiki wajen Batagarawa, inda motocin haya ke taho wa mutum a baya da gudu. A irin wannan hanya, waiwaye ana cikin tafiya ganganci ne. Shi ya sa na ɗauki gyaran da muhimmanci, kuma nake son in faɗi yadda na ga Loctite 243, wato ruwan nan shuɗi da ake ɗigawa a haƙoran noti don kada ya kwance.

Kafin shi an gwada mini dabarun da aka saba. An naɗa robar tiyub a gindin madubin, ta riƙe na ɗan lokaci, rana ta busar da ita ta tsattsage. An ƙara matse noti da ƙarfi, jijjigar inji ta sake kwance shi. Wani ya ba ni shawarar sufa gulu, na ƙi, don idan ya bushe ƙamewa yake yi ya farfashe, ya bar datti a cikin haƙoran.

Bakaniken da ya yi mini aikin dattijo ne mai rumfa a wajen Ƙofar Ƙwaya, kuma yabon farko nasa ne. Bai taɓa sufana ba sai da ya kama madubin ya girgiza shi ta kowane ɓangare. Ya ce, "Malam, wuri uku madubi ke saki. Bari mu ga naka ta ina ne." Ko dai notin da ke danne sandar madubin a kan mashin, ko haƙoran ramin da sandar ke shiga sun cinye, ko kuma ƙwallon da ke bayan gilashin, wanda ke ba shi damar juyawa, ya gaji. Nawa na farkon ne, haƙoran lafiyarsu ƙalau. Wannan dubawar ita ce rabin aikin, don ruwan ba ya maganin sauran biyun.

Ya kuma fahimtar da ni dalilin da ya sa na hagu ya fi yawan kwancewa. Yawancin madubai sandarsu milimita 10 ce ko 8, haƙoransu irin na kowane noti, a juya dama ya ɗauru, a juya hagu ya kwance. To iska da ke bugun madubin hagu tana tura shi baya, ita kuwa turawa baya a wannan ɓangaren juyin kwancewa ne. Haɗa da jijjigar inji mai fistin ɗaya da gargadar hanya, sai a hankali noti ya saki. Akwai kuma abin da ya kamata a sani kafin a sa ƙarfi: a baburan Yamaha da dama, madubin dama haƙoransa a juye suke, an yi haka da gangan domin in madubin ya bugi wani abu ya kwance maimakon ya karye. Wanda bai sani ba ya dinga murɗawa yana zaton ɗaurewa yake yi, sai ya lalata ramin. Ramin kuwa galibi a jikin mariƙin birki ko na kuloci yake, na alminiyam, ƙarfe mai laushi da ba ya jure tilas.

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Ya cire madubin, ya goge haƙoran da fetur da tsohon buroshi, ya bari suka bushe. Ya ɗiga ruwan ɗigo biyu, ya mayar da sandar, ya ce in hau in zauna yadda nake zama in ina tuƙi. Sai da na ce ina ganin bayana daidai, sannan ya riƙe sandar da hannu ɗaya ya matse notin da sufana lamba 14. Wannan zaman ya burge ni. Yara masu koyon aiki da yawa suna ɗaure madubi babur na jingine, kai kuma in ka hau sai ka murɗa shi da hannu don ya yi maka daidai, kuma wannan murɗawar ce take sake kwance abin da aka ɗaure.

Ruwan yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da gam. Ba iska ce ke busar da shi ba, rashin iska ne. Sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda iska ba ta kai ba sannan yake ƙamewa ya cike 'yan giɓin da ke tsakanin haƙora, jijjiga ta rasa wurin wasa. Shi ya sa za ka ga robar da ake sayar da shi a ciki ba a cike take ba, iskar da aka bari a ciki ce ke hana shi daskarewa. Yakan fara kamawa cikin kamar minti 10 zuwa 20, amma cikakken ƙarfinsa sai bayan awa 24. Dattijon ya ce in tafi gida a hankali, kada in taɓa madubin sai gobe, na kuwa bi maganarsa.

Tun daga nan madubin bai motsa ba. Na bi hanyar Daura ta Mashi da shi, na sha ramukan cikin unguwa bayan damina, yana nan inda aka bar shi. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne na daina kai hannun hagu ina gyara madubi ana tsakiyar tafiya, hannuna biyu suna kan mashin. Kuma da ya zama dole a cire shi lokacin da aka canza wayar kuloci, sufana kawai aka sa ya kwance, an dai ɗan ji tauri. Amfanin shuɗin ke nan. Akwai ja, irin su Loctite 271, wanda aka yi don abin da ba a son a sake kwancewa, cire shi sai an gasa wurin da wuta. Kada a yarda a sa ja a madubi, kusa da roba da wayoyi da makunnin fitila.

Inda nake da ƙorafi shi ne tsada da wahalar samu. 'Yar robar mililita 10 kuɗinta ya isa mutum ya yi tunani sau biyu, alhali ɗigo biyu kawai madubi ke buƙata. Ba kowane mai kayan babur ke ajiye shi ba, na fi samun labarinsa wajen masu kayan mota da na janareta. Sannan akwai jabu a kasuwa, na ga wata roba mai kama da shi wadda ruwan cikinta tsararo ne, rubutun jikinta yana gogewa da yatsa. Ga wanda babur ɗaya gare shi, ya fi sauƙi ya nemi bakaniken da ke da shi ya biya kuɗin ɗigo. 'Yan acaba da ke tsayawa wuri ɗaya kuwa, su haɗa kuɗi su sayi roba ɗaya, za ta ishe su har da kusoshin lamba da na kariya. A dai kula kada ya zuba a kan robar jikin babur, yana iya sa wasu robobi su tsage.

Madubin dama yanzu shi ne ya fara rawa, amma ba daga gindi ba, daga ƙwallon bayan gilashi. Na koma wurin dattijon da robata a aljihu, ya duba ya ce, "Wannan ruwanka ba zai yi masa komai ba, Malam." Wasu maduban suna da ɗan sukuru a baya da ake matsewa, nawa ba shi da shi, a rufe aka yi shi. Don haka sabo zan saya, kuma ya ce in tafi da tsohon kasuwa a gwada kaurin sandar da juyin haƙoran kafin in biya.