Murjanin Duncan: Mai Haƙuri da Sabon Shiga

Cikin murjanan teku masu rai da ke gina ƙashi mai tauri, Duncan ne zan fara nuna wa wanda bai daɗe da kafa tankin ruwan gishiri ba. Sunansa a kimiyyance Duncanopsammia axifuga, an fi samo shi daga tekun Ostiraliya. Guntu ake sayarwa, mai kai ɗaya ko biyu. Kowane kai na buɗewa kamar fure, tsakiyarsa kore, kewaye da 'yan hannuwa masu kauri. In ya ji daɗin wuri, ƙananan kawuna kan tsiro a gefen babban.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya ɓoye damuwa. Ruwa na sauyawa zai tsuke ya ƙi buɗewa, wanda ke ba mai tanki damar gwaji tun abu bai ɓaci ba.

Gishirin ruwa ya tsaya a 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 25 zuwa 26 na Celsius, kalsiyam 400 zuwa 450 da magniziyam wajen 1300 a ma'aunin ppm (kashi cikin miliyan), alkaliniti (ƙarfin ruwa na jure tsami) 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH. Na ƙarshen nan shi ne matsalar: hawa da saukarsa farat ɗaya kan sa naman ya janye, farin ƙashi ya bayyana. A gwada shi duk mako, gyara kuma a yi shi kaɗan-kaɗan. Kada a haɗa gishiri da ruwan famfo ko na rijiya, sai wanda na'urar RO/DI, mai cire ma'adinai da datti daga ruwa, ta tace.

A ajiye Duncan ƙasa-ƙasa a tankin, inda haske ke da sauƙi. Hannuwansa su riƙa lilo a hankali; in famfon da ke motsa ruwan tanki na kwantar da su gefe ɗaya, ƙarfin ya yi yawa. A nisanta shi da murjanin Torch da Hammer, don harbinsu ya fi nasa.

Sau biyu a mako a kashe famfo, a ɗiga wa kowane kai ɗan jatan lande na mysis. Nan take zai rufe a kansa. Jatan landen da ake kiwo a tankin kan fizge abincin daga bakinsa, don haka a fara ƙosar da su.

Inda haƙurinsa ke ƙarewa shi ne zafi. Ruwa ya daɗe a saman digiri 29, launi zai dushe, wani lokacin majina mai ruwan ƙasa ta biyo baya ta cinye kai cikin kwana ɗaya ko biyu. A zuƙe ta, a yanke kan da ya kamu. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ruwa da tsayayyar wutar lantarki, ya dakata da saye har sai ya tanade su.