Gargaɗi ga masu loda albasa zuwa kudu: ɗan kamashon bogi ya tafi da N1,600,000 ɗina

Salamu alaikum 'yan kasuwa, musamman masu ɗaukar albasa daga Aliero da Jega zuwa Legas. Kwana tara ke nan ina haɗiye wannan magana saboda kunya, amma ta ƙi haɗiyuwa. N1,600,000 wani mutum ya karɓa daga hannuna da sunan kafin alƙalamin mota, ya kashe waya. N1,600,000, ban da albasar da ta ruɓe.

Shekarata 14 ina wannan sana'a, don haka kada wani ya ce mini ban san hanya ba. Na san kuɗin mota, na san webil, wato takardar da ke raka kaya, na san 'yan kamasho na gaskiya da ke tasha. Ranar dai babu mota a ƙasa, kowa lodi yake, ni kuma buhu 280 na jibge a rana. Sai ga kira, wai ya samu lambata wurin wani abokin cinikina, kuma ya ambaci sunansa daidai. Ya ce yana da babbar mota ƙirar DAF da ta sauke kaya a Birnin Kebbi za ta koma kudu babu kaya, zai bar mini a N2,400,000 har kasuwar Mile 12. Ya turo hoton motar da lambarta ta WhatsApp. Kuma motar ta zo, wannan lambar dai, ba wata ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan. Da direban ya sauko, a gabana ya russuna ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, maigida, mun iso." Maigida fa ya ce. Da kunnena na ji. To wa zai ji direba ya kira mutum maigida ya tsaya tambayar ko motarsa ce? Ashe shi direban an gaya masa mutumin ne mai albasa, ni yaronsa ne mai kula da lodi. Ni kuma an gaya mini shi ne mai mota. Ya tsaya a tsakiya, kowannenmu yana ganin na ɗayan ne. Har yanzu ina ganin wannan russunawar a idona. Kuma duk tsawon lodin bai bar ni da direban mu kaɗai ba ko na minti ɗaya, da na nufi wajensa sai ya ja ni gefe da zancen farashi a Legas. Tare muka yi la'asar, kafaɗa da kafaɗa.

Direban ya kira ni daga Kontagora, a'a, kafin nan ma akwai maganar asusu. Da zan tura kuɗin sai sunan wani ya fito, ba nasa ba. Na tambaya, wallahi na tambaya. Ya ce na ƙanensa ne mai POS, nasa asusun ba ya ɗaukar kuɗi da yawa a rana. Mutum nawa ne a cikinmu ke karɓar kuɗi ta wurin mai POS? Kullum haka ake yi. Na tura N1,000,000, sannan N600,000 bayan magariba, ko kuma kafin a ɗaure tamfol ne, na manta, yana cikin alat.

Washegari da dare direban ya kira, lambata ma a jikin webil ya gani. Ya ce, "Malam, ka gaya wa maigidanka gas ya ƙare, wayarsa ba ta shiga." Na ce wane maigida? Nan jikina ya mutu. N300,000 kacal mutumin ya ba shi na man gas, da alkawarin zai turo saura kafin su kai Mokwa. Daga cikin N1,600,000 ɗina, N300,000 kaɗai ta shiga tankin mota. Kuma shi direban N2,900,000 suka yi da shi, ba N2,400,000 ba, abin da ya sa na ga sauƙi ke nan.

Ainihin mai motar ya ce ba za ta motsa ba sai an biya shi, ban kuma ga laifinsa ba, shi ma cutarsa aka yi. Kwana uku motar na tsaye, albasa rufe da tamfol cikin zafi. Duk mai albasa ya san abin da kwana uku ke yi mata. Sai da na ci bashi wurin yayana aka tashi, da ta isa kuma sai da aka zube ta ana tsincewa, kusan buhu 60 aka zubar.

Masu cewa da su ne da sun gane, in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Na ga mota, na ga direba, na ga lamba, na yi salla da mutum. Me ya rage? Tambaya guda ce ban yi ba, ban ja direban gefe na ce wa ke da motar nan ba.

Ku dai ku yi magana da direba ku kaɗai, ku kira mai mota da kanku, ku bi ta ofishin yuniyan na tasha a rubuta. Sunan asusu ya saɓa, kada ku tura.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma kai wa bankina koke. Ina da alat ɗin biyu, da hirarmu ta WhatsApp, da muryarsa inda yake rantsuwa motarsa ce. Zan ɗora su gobe in sha Allah, da zarar mai binciken ya ce babu matsala. In akwai wanda aka yi wa irin wannan tsakanin Jega, Koko da Yawuri a bana, ya yi mini magana, don direban ya ce ya taɓa ganin mutumin yana jiran mota a Koko.