Robar fitsari: wacce ya kamata ka saya?

Wanda aka yi wa aikin mafitsara ko gyaran hanyar fitsari yana yaro, wani lokaci sai ya girma matsalar ta waiwayo shi: tabon aikin ya tsuke hanya, ko mafitsara ta kasa juye fitsari duka har ƙoda ta fara jin jiki. Idan likita ya ce sai roba, kada ka karɓi duk wadda mai kemis ya miƙo.

Wadda ta fi yawa a kanti ita ce Foley, mai balan-balan, da ake bari a jiki. Ta leteks tana da arha, amma 'yan makonni take yi, kuma da yawa cikin waɗanda aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya jikinsu ba ya shiri da leteks. Ta silikon kan kai mako 12. Ko wacce ce dai, roba mai kwana a jiki gida ce ga ƙwayoyin cuta da tsakuwa.

A ganina, mai lafiyar hannu ya fi dacewa da Nelaton, robar da ba a bari a jiki, idan likita ya amince: ka saka, fitsari ya fita, ka zare, sau 4 zuwa 6 a rana. Likita Jack Lapides na Amurka ya nuna a 1972 cewa wanke hannu da tsafta sun wadatar wajen saka irin wannan roba. Nelaton tana buƙatar man santsi mai ruwa, ban da basilin. Irin su LoFric da SpeediCath kuwa santsinsu a jikinsu yake, ba sa kuje hanya mai tabo sosai, sai dai sau ɗaya ake amfani da su. Yi lissafi tukuna: biyar a rana, 150 ke nan a wata.

Kalar bakin robar ce ke nuna kaurinta: fara lamba 12, koriya 14, ruwan lemo 16. Ta maza tsawonta kusan santimita 40 ne, ta mata ba ta kai rabin haka ba galibi. Wanda aka faɗaɗa wa mafitsara da hanji, majina kan toshe masa siririya, don haka ya tsaya kan lambar da likitansa ya rubuta. Haka ma mai hanyar Mitrofanoff, da ke saka roba ta cibiya.

Kafin ka biya, duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, kuma ka tabbata ledar ba ta huje ba.